Bijimin Kaduna: Tarihin Rashidi Yekini Da Ƙwallayensa 37

A farkon shekarun 1980, idan aka busa jiniyar tashi daga aiki a Kakuri, dubban ma'aikata ne ke kwararowa daga masaƙun Kaduna, wasu a kan keke, wasu a ƙafa. A zamanin duk kamfanin da ya isa yana da ƙungiyar ƙwallonsa. Kamfanin siminti na Gboko yana da BCC Lions, hukumar lantarki tana da NEPA, masana'antar makamai ta Kaduna tana da DIC Bees, ita kuwa masaƙar United Nigerian Textiles tana da UNTL. A wannan ƙungiya ta masaƙa ne wani dogon yaro mai faɗin ƙirji ya fara buga ƙwallon manya a wajajen 1981. Sunansa Rashidi Yekini.

An haife shi a Kaduna ranar 23 ga Oktoba, 1963. Iyayensa Yarabawa ne Musulmi daga garin Ira na Jihar Kwara ta yanzu, irin mutanen da neman abinci ya kawo babban birnin Arewa suka zauna suka yi iyali. Garin da ya raine shi ya ci gaba da ba Najeriya 'yan wasa a bayansa: Daniel Amokachi, Tijjani Babangida, Garba Lawal da Celestine Babayaro duk haihuwar Kaduna ne. Yekini shi ne yayansu.

Bai daɗe a UNTL ba Shooting Stars ta Ibadan ta ɗauke shi, kuma yana cikin tawagarta da ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 1984, inda Zamalek ta Masar ta hana su kofin. Daga nan ya koma Abiola Babes ta Abeokuta, ƙungiyar attajiri Cif M.K.O. Abiola. A 1987 ya bi hanyar da Stephen Keshi ya riga ya buɗe wa 'yan wasan Najeriya, ya tafi Abidjan ya shiga Africa Sports. 'Yan kallon Kwaddibuwa ne suka yi ta kiran sa Bijimin Kaduna, kuma duk wanda ya ga yadda yake ture 'yan baya da kafaɗa ya san ba su yi ƙari ba.

Ba ɗan wasa ba ne mai yanka da ado. Ba ya ɓata lokaci yana yi wa ƙwallo rawa irin ta Jay-Jay Okocha. Abin da yake so a jefa masa ita a bayan 'yan baya, ya bi ta da dogayen ƙafafunsa, ya ɗaga kai sau ɗaya, ya sake ta da ƙarfin da gola zai yi tunani biyu kafin ya sa hannu. Yana zubar da dama, wani lokacin ma mai sauƙi, amma ba ya sanyi. Minti biyar bayan nan yana nan a wurin yana neman wata.

Sai da ya kusa shekara 27 sannan ya taka Turai. A yau yaro ɗan sha takwas ake kwasa daga makarantar ƙwallo a kai Beljiyam ko Faransa, wanda ya kai shekarun Yekini kuwa sai dillalai su ce ya wuce kasuwa. Shi ya tafi ne a 1990, bayan kusan shekaru tara yana cin ƙwallo a filayen Afirka masu ƙura da ramuka, kuma ba babbar ƙungiya ya samu ba. Vitória ta Setúbal ce, wani garin masunta da ke kudu da Lisbon a Fotugal. A kakarsa ta farko ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu. Ya zauna da ita. A kakar 1992/93 ya ci ƙwallo 34, ya maido ta rukunin manya, a kakar da ta biyo baya kuma ya ci 21, ya fi kowa a gasar Fotugal baki ɗaya, har da 'yan wasan Benfica da Porto da Sporting waɗanda ke da gwanaye a bayansu suna ba su ƙwallo. A tsakanin nan ne hukumar CAF ta zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 1993. Shi ne ɗan Najeriya na farko da ya samu wannan lambar.

A rigar ƙasa kuwa ya sha ɗacin rashin nasara kafin ya ɗanɗani zaƙi. Ya fara zuwa gasar cin kofin Afirka a 1984, Kamaru ta doke Najeriya a wasan ƙarshe. A 1988 a Maroko, Kamarun ce dai ta sake yin haka. A 1990 Aljeriya mai masaukin baƙi ta lallasa Najeriya 5-1 a wasan buɗe gasa. Ƙwallayen Yekini a ragar Masar da Kwaddibuwa da Zambiya suka taimaka aka kai wasan ƙarshe, Aljeriya ta sake cin su 1-0. A 1992 a Senegal ya fi kowa cin ƙwallo da guda huɗu, amma Ghana ta tare hanya a wasan kusa da na ƙarshe, aka dawo da tagulla. Gasa huɗu ke nan, azurfa uku da tagulla ɗaya.

Shekarar 1994 ce ta biya shi. A Tunisiya, ƙarƙashin koci Clemens Westerhof, ya zuba wa Gabon biyu, ya zuba wa Zayar biyu a kwata fainal. Wasan kusa da na ƙarshe da Kwaddibuwa shi ne mai zafi: sau biyu suna shiga gaba, sau biyu Najeriya tana farkewa, kuma Yekini ne ya ci ta biyun. Da aka zo bugun fenareti, shi ya buga wanda ya rufe zance, a kan ƙasar da ta fara ɗaukaka sunansa. Ranar 10 ga Afrilu Najeriya ta doke Zambiya 2-1 da ƙwallayen Emmanuel Amunike, Zambiyar da aka sake ginawa bayan haɗarin jirgin da ya hallaka 'yan wasanta a gaɓar Gabon a shekarar da ta gabata. Yekini ya tashi da ƙwallo biyar da kyautar gwarzon gasa. A watan ne kuma FIFA ta sa Najeriya ta biyar a duniya.

Sai kuma daren da kowa ke tunawa. Ranar 21 ga Yuni, 1994, a filin Cotton Bowl na birnin Dallas, Najeriya ta kara da Bulgeriya a wasanta na farko a tarihin gasar cin kofin duniya, gasar da ƙwallayen Yekini takwas a wasannin share fage suka kai ta. A Najeriya dare ya riga ya raba, amma mutane na zaune a gaban talabijin, wasu sun manna kunne a rediyo. A minti na 21 Amokachi ya tura wa Finidi George ƙwallo ta gefen dama, Finidi ya shimfiɗo ta a ƙasa ta ratsa gaban gola, Yekini ya sa ƙafa kawai. Bai juya ya yi gudun murna ba. Ya bi ƙwallon har cikin raga, ya cusa hannayensa biyu ta cikin igiyoyin, ya dunƙule su, yana jijjiga ragar yana ihu, idanunsa a rufe. Mutum ne mai shekara talatin da ya yi shekara goma yana jiran wannan minti. Aka tashi 3-0, kuma Bulgeriyar da aka yi wa wannan cin ba kanwar lasa ba ce: da Hristo Stoichkov a gabanta ta fitar da Jamus, ta ƙare gasar a matsayi na huɗu.

Abin takaici, ita ce ƙwallonsa ɗaya tilo a gasar kofin duniya. Bai ci Ajantina ba, bai ci Girka ba, kuma a zagaye na biyu Roberto Baggio ya farke wa Italiya saura minti biyu a tashi, ya ƙara ta fenareti a ƙarin lokaci. Bayan gasar magana ta yi ta yawo cewa akwai ɓaraka a cikin tawagar, har ana cewa wasu ba sa son ba Yekini ƙwallo. Ko mene ne gaskiyar abin, dangantakarsa da wasu abokan wasansa ba ta sake komawa yadda take ba.

Daga nan abubuwa suka fara ja baya da sauri. Ya koma Olympiacos ta Girka, zaman bai yi daɗi ba. Ciwon gwiwa ya same shi. A Sporting Gijón ta Sifaniya bai taɓuka abin kirki ba. Ya ɗan farfaɗo a FC Zürich, har kocin Najeriya Bora Milutinovic ya tafi da shi gasar kofin duniya a Faransa a 1998, inda aka sako shi daga benci a wasan da Najeriya ta doke Sifaniya 3-2, jim kaɗan kafin ƙanensa na Kaduna, Garba Lawal, ya tilasta wa gola Zubizarreta tura ƙwallo cikin ragarsa.

Akwai wata asara da siyasa ta jawo masa wadda ba a cika ambata ba. Yekini ya ci ƙwallo 13 a gasannin kofin Afirka, saura ɗaya tak ya kamo Laurent Pokou na Kwaddibuwa, wanda ya riƙe tarihin da 14 tun 1970. A 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta hana Super Eagles zuwa Afirka ta Kudu kare kofinsu, saboda takun-saƙar da ta biyo bayan rataye Ken Saro-Wiwa. CAF ta mayar da martani da dakatar da Najeriya daga gasar 1998. Gasa biyu suka wuce shi yana kallo, sai Samuel Eto'o ne ya zo ya karya tarihin Pokou a 2008.

Ƙwallo dai bai iya rabuwa da ita ba. Ya buga a Bizerte ta Tunisiya, ya buga wa Al-Shabab ta Riyad, ya koma Africa Sports, ya dawo gida ya sa rigar Julius Berger yana dab da shekara arba'in, a 2005 kuma, yana da shekara 41, ya sake fitowa a Gateway ta Abeokuta. 'Yan kallo sun riƙa zuwa fili don kawai su gan shi da idonsu. Ƙwallaye 37 da ya ci wa Najeriya kuwa an shafe fiye da shekaru 25 bayan wasansa na ƙarshe babu wanda ya kai su.

Shekarunsa na ƙarshe a Ibadan ya yi su, a keɓe. Ba ya zuwa taro, ba ya neman muƙami a hukumar ƙwallo, ba ya bin 'yan siyasa. Jaridu sun yi ta rubuta cewa yana fama da ciwon damuwa, wasu na kusa da shi suna musantawa. Ya rasu ranar 4 ga Mayu, 2012, yana da shekara 48, aka yi masa sutura a Ira. Bai kamata mutumin da ya yi wa ƙasa irin wannan hidima ya kwanta ciwo har ya tafi ba tare da hukumomin wasanni sun san halin da yake ciki ba, kuma irin wannan sakaci bai tsaya a kansa shi kaɗai ba. Gidajen da gwamnati ta yi wa tawagar da ta ci kofin Afirka a Tunisiya alkawari a 1994, sai a watan Yunin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a ba waɗanda ba su samu ba, kuma su ne mafiya yawa. Kafin lokacin, biyar daga cikin 'yan wasan sun riga mu gidan gaskiya: Uche Okafor, Yekini, Thompson Oliha, Wilfred Agbonavbare da kyaftin Stephen Keshi.