Tun kafin lasifika, kalangu ne ke tallan nama

Yau ko'ina ka ratsa kasuwa, ƙaramar lasifika ce ke maimaita murya guda tun safe har la'asar. To, da can ba haka talla take ba.

A ƙasar Hausa kowace sana'a da kiɗanta, kuma kalangu na mahauta ne. In an yanka sa, makaɗi shi ke shaida wa gari. Ba ya buƙatar buɗe baki. Kowane mahauci da takensa, na Sarkin Fawa daban, don haka mace tana cikin gida za ta gane wa ya yi yanka, ta aiki yaro da kwano. Makaɗin kuma ba ya komawa gida hannu sake, yana da rabonsa na nama.

Yaya ice da fata ke magana? Masassaƙi ya fafe icen, ya bar tsakiyarsa tsukakke, a rufe bakin nan biyu da fata, a haɗa su da tsarkiya. In makaɗi ya matse tsarkiyar a hammata murya ta hau, in ya saki ta sauka. Hausa kuwa harshe ne mai hawa da sauka, shi ya sa kunnen da ya saba ke jin kalmomi sarai. Mu dai a ganinmu, babu lasifikar da ta kai wannan dabara.

Ba mahauta kaɗai ba. Mai yankan farce almakashinsa ke yi mai talla, mai gyaran takalmi ya buga akwatinsa. Ɗan Maraya Jos ma, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya yi suna, ɗan abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake iya haɗawa da gwangwanin kifi da fatar akuya.

A Yamai, cibiyar kiɗa ta Elhaji Taya ta adana kayan kiɗanmu na gargajiya. Madalla, amma kalangun da ke rataye ba ya koya wa kowa take. Tsofaffin da sunka san taken mahautan garuruwanmu suna ƙarewa, 'ya'yansu da yawa sun kama wata sana'a. Wanda ke da irin wannan dattijo kusa, don Allah ya ɗauki kiɗansa a waya, ya tambaye shi taken wa da wa ne, ya turo muna nan.