Bai Samu Aiki Ba Tukuna

Kwanan baya wata ƙawar Inna ta zo daga Tawa, ta sauka gidanmu a Bobiyel. Bayan gaisuwa ta tambayi labarin yayana. Inna ta ce: "Yana nan fa, bai samu aiki ba tukuna." A ranar Yaya ya fita tun ƙarfe bakwai na safe, kuma ba zai dawo ba sai bayan isha'i. Yana da rumfa a bakin titi, yana gyaran salula. Shi ke biyan kuɗin wuta da na ruwa, shi ke ba ni na taksi. Lisans ɗinsa ta shari'a tana ƙasan akwati. Tun yana firamare yake cewa alƙali zai zama.

Ni da nake karatun kimiyyar harshe, kalmar ce ta tsaya mini a rai. Manomi yana aiki, maƙeri yana aiki, mai tuyar ƙosai tana aiki, amma ba wanda ke kiran su ma'aikata. Ma'aikaci a bakinmu shi ne mai albashin wata, mai lambar matirkil, mai kujera a biro, abin da ƴan Najeriya ke cewa ofis. Sauran duka sana'a ce, ko "ƴan dabaru". To yaushe kalmar ta tsuke haka?

A da, ba a tambayar yaro abin da yake son zama. Ɗan maƙeri ya gaji maƙera, ɗan falke ya bi ayari. Tambayar tare da lakwal ta shigo. Faransawa ba don burin kowa suka buɗe lakwal ba: tafinta suke bukata, da komi mai riƙe takardun kwamanda, da mushe, da ma'aikacin asibiti. Kakanninmu da yawa ma ɓoye ƴaƴansu suka yi. Wanda ya yi fice sai a tura shi makarantar William Ponty ta Senegal. Can Bubu Hama ya yi karatu, can Diori Hamani, can Jibo Bakari, kuma dukansu da alli suka fara. Da aka samu ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, Diori ne shugaban ƙasa, Bubu Hama ne shugaban majalisa. Iyaye suka gani da idonsu: mushen jiya ya hau kujera. Lakwal ɗin da ake gudu ta zama hanyar arziki.

Kuma na wani ɗan lokaci gaskiya ne. Ƙasa sabuwa, biro-biro ba masu zama, masu diflom ba su taka kara sun karya ba. A 1971 aka fara haƙar uraniyom a Arlit, a shekarar kuma aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, wadda ta zama jami'ar da muke ciki yau. Zamanin Seyni Kunce, da kuɗin uraniyom ya shigo, ɗalibi yana da burs, kuma in ya gama gwamnati ke ɗaukarsa. Kawuna na wannan zamanin ne. Yana cewa: "Mu aiki ne ke jiran mu." Amma da na matsa masa da tambaya sai ya ce shi likita ya so zama, aka ce malamai ake bukata, aka tura shi koyar da lissafi har ya yi ritaya. Wato ko a lokacin daɗin, ba burinka ake ba ka ba. Albashi dai tabbas ne.

Sai farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980. Bashi ya yi wa ƙasa katutu, FMI da Bankin Duniya suka zo da sharuɗɗan tsuke bakin aljihu: a rage ɗaukar ma'aikata, a rage abin da ake kashe wa ɗalibai. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka taso daga Harobanda za su shiga gari, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku suka rasu. Wannan gadar nake tsallakawa kullum in za ni aji. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Ma'aikatan da ake yi wa kallon sun tsira suka yi ta bin gwamnati bashin albashi na watanni. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka fara cika azuzuwa da malaman sa-kai, daga baya ƴan kwantaragi, masu ɗan abin hannu maimakon cikakken albashi. Koyarwa, wadda ta fitar da shugaban ƙasa na farko, ta koma inda ake fakewa kafin a ga abin da Allah zai yi.

Ku lissafa da kanku. Alkawarin nan na "yi karatu, ka samu biro" bai fi shekara ashirin da ƴan kai yana aiki ba. Yau kusan shekara arba'in ke nan da ya karye. Amma da shi har yanzu muke auna mutane. A fadarmu ta shayi akwai wanda ya karanta labarin ƙasa yana kabu-kabu, akwai wanda ya karanta tattalin arziki yana riƙe da shagon tura kuɗi. Duk wanda ka tambaya sai ya ce: "Kafin a samu ne." Wani ya shekara takwas cikin "kafin" ɗin nan, har ya yi aure a ciki.

Ba sabon abu ba ne burin matashi ya sha bamban da abin da hannunsa ke yi. Umaru Ganda soja ya yi a Indocin, sannan dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan. Can Jean Rouch ya sa shi a fim ɗin Moi, un noir na 1958, inda samarin Nijar ƴan ci-rani ke laƙaba wa kansu sunayen taurarin fim na Amurka suna dakon buhuna. Wannan ɗan dakon ne ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972, da fim ɗin da ya shirya da kansa. Da Inna ce mahaifiyarsa, da ta ce bai samu aiki ba tukuna.

Kada a ce ina zuga talauci. Rumfar Yaya ba fansho, ba hutu, in ya kwanta ciwo kwana uku gida ya ji a jikinsa, kuma ranar da aka ce a tashi rumfunan bakin titi ba wanda zai tambaye shi. Ƙasar da ke fama da ƙarancin alƙalai da likitoci, ta bar mai lisans yana kwance sukurori, ta yi asara, kuma haƙƙinmu ne mu faɗa. Abin da na ƙi shi ne a haɗa masa zafi biyu: a hana shi aikin da ya yi buri, sannan a cikin gidansu a ƙi kiran wanda yake yi da sunansa.

Ni ma ina da nawa burin: rediyo, labarai da Hausa. Na san mai yiwuwa in ƙare ina koyar da Faransanci a wani ƙauye da kwantaragi. Da baƙuwar ta tafi na ce wa Inna: "Ai Yaya yana aiki." Ta dube ni ta ce: "Ka san abin da nake nufi." Na sani kuwa. Da dare na ba Yaya labari, ya yi dariya, ya miƙo mini jika ɗaya ta taksin gobe, ya ce in biya in duba masa ko an fitar da ranar konkur.