Gadar Jebba: Tarihin mashigar da ta juyar da kasuwancin Arewa zuwa Legas

Gadar jirgin ƙasa ta Jebba tana kan Kogin Neja, wanda Hausawa ke kira Kwara, a iyakar jihohin Kwara da Neja na yanzu. Turawan mulkin mallaka na Birtaniya ne suka kammala ta a 1915. Kashi biyu ce, domin akwai tsibiri a tsakiyar kogin da ya raba ruwan gida biyu, kuma tsawonta gaba ɗaya ya ɗara rabin kilomita. Kafin a gina ta, babu jirgin ƙasan da ke tashi daga Legas ya isa Kano ba tare da an yi fiton taragansa ba.

Takaddamar gwamnoni biyu

Tun farkon zuwan Turawa Jebba take da muhimmanci. A nan Frederick Lugard ya kafa hedikwatar mulkin Arewa daga 1900, kafin ya mayar da ita Zungeru a 1902. A lokacin Arewa da Kudu ƙasashe biyu ne a wurin Turawa, kowace da gwamnanta da baitulmalinta, kuma ra'ayinsu ya sha bamban kan hanyar da kayan Arewa za su bi zuwa teku.

Gwamnan Kudu, Walter Egerton, so yake a miƙa layin dogon Legas, wanda ya isa Ibadan a 1901, har cikin Arewa. Shi kuwa gwamnan Arewa, Percy Girouard, injiniyan layin dogo ɗan asalin Kanada, ya tsaya kan layin da zai tashi daga Baro, a bakin Kwara cikin ƙasar Nufe, zuwa Kano, ta yadda za a riƙa loda kaya a jiragen ruwa ba tare da an bi ta Legas ba. A 1907 gwamnatin Birtaniya ta amince a gina duka biyun.

Layin Legas ya isa Jebba a 1909, na Baro kuma ya shiga Kano a 1911. Da guminsu talakawa suka shimfiɗa layin na Baro, domin ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa ɗibar mutane aikin tilas, musamman a ƙasashen Nufe da Gwari da Zazzau. Daga baya layukan biyu suka haɗu a Minna, aka kuma haɗe hukumominsu a 1912, shekara biyu kafin a haɗe Arewa da Kudu.

Kafin gada da bayanta

Duk da haɗewar, kogin ya ci gaba da zama shamaki. Jirgi in ya iso Jebba sai a raba taragansa, a ɗora su a jirgin fito kaɗan-kaɗan, a sake haɗa su a ɗaya gefen. Hanyar Baro ma tana da nata cikas, domin manyan jiragen ruwa ba sa iya kaiwa can sai a 'yan watannin da kogi ya cika.

Ana cikin haka gyaɗa ta ɓarke. Auduga Turawa suka sa rai za su samu don masaƙun Ingila, amma manoman ƙasar Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi ko ba a saya ba ana iya ci. Abin da aka fitar ya tashi daga ƙasa da tan 3,000 a 1912 zuwa fiye da tan 19,000 a 1913. Fito ba zai iya da irin wannan lodi ba.

Da aka gama gadar, sai gardamar Egerton da Girouard ta yanke kanta. Tashar Baro ta fara mutuwa, Legas ta zama ƙofar Arewa. Ayarin raƙuman da ke ratsa Sahara zuwa Tarabulus, wanda dama ya yi rauni, ya ƙara ja da baya. Goron da fatake ke shafe watanni suna ɗaukowa daga Gwanja a kan jakuna ya koma zuwa ta teku har Legas, daga can jirgin ƙasa ya haura da shi. Shanu da fatu da kiraga da kuzar Jos suka riƙa gangarawa, gishiri da kananzir da yadi suna haurowa. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata sun bunƙasa a wannan zamani, haka nan unguwannin Sabon Gari a Kano da Zariya suka cika da ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu. Sai a 1932, da aka buɗe gadar Makurɗi a kan Kogin Binuwai, layin gabas ya samu irin wannan mashiga.

Abin da ya rage a yau

Tsarin da gadar ta kafa shi ne ɗanyen kaya ya fita, sarrafaffe ya shigo, kuma an shimfiɗa layukan ne daga cikin ƙasa zuwa gaɓar teku. Bayan samun 'yanci wannan fasali bai sauya sosai ba. Daga shekarun 1970 man fetur ya danne gyaɗa, manyan motoci suka ƙwace lodi, Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ta shiga halin ni-'yasu. An dawo da jirgin fasinja na Legas zuwa Kano a ƙarshen 2012 bayan gyaran layin, amma zirga-zirgar ba ta ɗore yadda aka yi alkawari ba.

Sabon layin dogo mai faɗi kuwa guntu-guntu yake: na Abuja zuwa Kaduna an buɗe shi a 2016, na Legas zuwa Ibadan a 2021, amma ba a gina ɓangaren da zai haɗa su ba. Ita ma tashar ruwan Baro da aka ƙaddamar a 2019 ba ta kama aiki sosai ba. Saboda haka, duk jirgin da zai tashi daga Legas ya nufi Kano, har yanzu sai ya bi ta gadar Jebba mai shekara fiye da ɗari.