Samuwar ƙwayoyin garkuwar jiki

Samuwar ƙwayoyin garkuwar jiki ita ce hanyar da fararen ƙwayoyin jini ke bi tun daga tushensu har su zama masu yaƙi da cuta. Dukkansu suna fitowa ne daga uwar ƙwayoyin jini, wadda ke zaune a cikin ɓargo. DNA ɗin da suka gada daga gare ta iri ɗaya ne. Abin da ke bambanta su shi ne waɗanne ƙwayoyin gado, wato sassan DNA masu ɗauke da umarni, aka kunna, waɗanne kuma aka rufe.

Tarihi

A shekarar 1961, James Till da Ernest McCulloch a birnin Toronto na ƙasar Kanada suka dasa ɓargo a jikin ɓeraye, suka ga dunƙulallun ƙwayoyin jini sun tsiro a kan saifarsu. Daga wannan aiki aka tabbatar da cewa ƙwaya guda tana iya haifar da nau'o'in ƙwayoyin jini da dama.

Asali

A jikin ɗan tayi, uwar ƙwayoyin jini tana ɓullowa daga bangon babbar jijiyar jini, ta koma hanta, daga baya ta zauna a ɓargo. Idan babu ƙwayar gado ta RUNX1, wannan ɓullowa ba ta faruwa.

Zaɓen hanya

Wasu furotin ne ke hawa kan DNA su kunna umarnin da ake buƙata. E2A da EBF1 da PAX5 suna kai ƙwaya ga zama ƙwayar B, mai samar da sinadaran kariya. Wadda ta isa taimos, wata gaɓa a bayan ƙashin ƙirji, tana karɓar saƙon Notch1, sannan BCL11B ya tabbatar da ita a matsayin ƙwayar T. A 1999, masu bincike a Biyana suka nuna cewa ƙananan ƙwayoyin B na ɓera da aka cire wa PAX5 suna iya sauya hanya su zama wasu nau'o'in.

Efijenetik

Efijenetik na nufin alamomin da ake ɗorawa kan DNA, ko kan furotin histon da yake naɗe a jikinsu, ba tare da an canza rubutun DNA ɗin ba. Su ne ke sa ƙwaya ta riƙe zaɓin da ta yi, ta kuma gadar da shi idan ta rabu biyu. DNMT3A yana liƙa alamar metil, wadda galibi ke rufe umarni, TET2 kuma yana fara aikin cire ta.

Cututtuka

Lalacewar DNMT3A ko TET2 tana yawaita a jinin tsofaffi, kuma tana ƙara haɗarin sankarar jini. Haɗewar ETV6 da RUNX1 na cikin sauye-sauyen da aka fi samu a sankarar jinin yara. Maganin azasitidin, da ake bai wa masu wasu cututtukan ɓargo, yana aiki ne ta hanyar rage alamar metil.