Jami'i Mai Kaki ko Sarkin Ruwa? Dokar Su a Kogin Kwara Tsakanin Bagudo da Benin

Akwai ra'ayin da ya samu gindin zama a tarukan masana harkar kifi da ofisoshin ma'aikatu, wai matsalar su a ruwayen Arewa ba ta wuce abu biyu ba: masunta ba su san doka ba, hukuma kuma ba ta da ƙarfin tilasta ta. Maganin da ake yawan kawowa shi ne a kwaikwayi ƙasashe irin Amurka, inda mai kamun kifi don nishaɗi a bakin teku yake yankar lasisi, a ƙayyade masa yawan kifin da zai ɗauka a rana da tsawon kowane ɗaya, jami'i mai kaki kuma ya tare shi a bakin ruwa, ya buɗe akwatin ƙanƙararsa ya auna. Asalin wannan tunani sananne ne (Hardin, 1968), haka ma martanin da aka mayar masa (Ostrom, 1990). Abin da wannan maƙala ke ja a kai shi ne ko tsarin zai iya tsayawa da ƙafarsa a wuri kamar Bagudo.

Ba banza tsarin ya zauna a Amurka ba. Tun 1950 dokar Dingell-Johnson ta ɗora haraji a kan kayan kamun kifi, kuɗin kuma suna komawa jihohi don kula da ruwa. Mai kamun yana da adireshi, motarsa na da lamba, jirginsa na shiga ruwa ta mashigin da aka sani. Uwa uba, ba da kifin zai ciyar da gidansa ba. Idan ya mayar da ƙarami cikin ruwa, bai yi asarar cefanen dare ba.

A Bagudo ba haka abin yake ba. Kwara tana shigowa Najeriya ta wajajen Lolo, bayan ta raba Benin da Nijar a tsakanin Malanbil da Gaya, ta ratsa ƙasar Illo, ta wuce ƙarƙashin gadar Tuga, ta nufi Yawuri da tafkin Kainji. Iyakar da ke wurin Ingila da Faransa ne suka yanke ta a yarjejeniyar 1898, inda suka auna mil 10 daga Giris, tashar jiragen Illo, suka ce nan ne ƙarshen rabon wannan, farkon na wancan. Sarkawa da Kabawa da Dandawa da Zabarmawan da ke su a wurin sun riga wannan layi zuwa. Har gobe mutum yana iya dasa gurarsa a ruwan Najeriya da asuba, la'asar ta same shi yana jefa birgi a wajajen Madekali, ya sayar da kamun a duk kasuwar da canjin naira da sefa ya fi yi masa daɗi a ranar.

Doka kuwa ba ta yi ƙaranci ba. Dokar su ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki, ta kuma hana taru mai idon da bai kai milimita 76 ba, in ban da 'yan keɓance-keɓance. Jihar Kebbi ta yi tata a 1997. Benin ta sabunta tata a watan Agusta na 2014. Tarar da ke cikin ta 1992, ta ɗaruruwa da 'yan dubban naira, yau ba ta sayi giwan ruwa ɗaya mai kyau ba, kuma a nan mai wancan ra'ayi yana da gaskiya. Inda aka rabu da shi shi ne zaton cewa da an ɗaga tarar an ƙara jami'ai, kifi zai dawo.

Dalili na farko yana cikin halin kogin kansa. Kwara tana cika sau biyu a wannan yanki: sau ɗaya da ruwan damina na kusa, wajen Agusta zuwa Oktoba, sannan da ruwan da ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya yi jinkiri a fadamun Mali, ya iso cikin hunturu. An daɗe da nuna cewa a koguna masu fadama yawan kamu yana bin girman ambaliya (Welcomme, 1979). Shekarar da ruwa ya malale fadama ya daɗe, tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu su yi ƙwai su yi 'ya'ya. Shekarar da ya janye da wuri, ko da ba wanda ya karya doka, kamu zai yi ƙasa. Ranar rufe ruwa da aka rubuta a kalanda daga Birnin Kebbi tana iya faɗawa daidai bana, baɗi ta kuskure da makonni.

Ma'aunin idon taru ma yana da tasa tawaya. Warangi ko ya tsufa bai wuce ɗan yatsa ba, shi ya sa dokar 1992 da kanta ta keɓe shi. Ɓarnar da ta fi muni ba a tsakiyar kogi ake yin ta ba. Ana yin ta a bakin 'yan rafukan da ke mayar da ruwan fadama cikin kogi, lokacin da ruwa ke janyewa: a kafa dumba daga gaɓa zuwa gaɓa, a jera gura a jikinta da dusa a ciki, a wasu wuraren har a shimfiɗa gidan sauro, ta yadda ɗan kifin da bai kai rabin tafin hannu ba ba shi da hanyar komawa. Ana yin ta da dala, wato babban tarun ja, idan aka ja ta a ruwa marar zurfi inda ƙarfasa ke haƙa gurbin ƙwai. Wace mashiga ce, a wane mako, kuma ta wane ne, wannan ilimi ne da sarkin ruwan ƙauye yake da shi a ka. Jami'in da aka turo da babur sau ɗaya a wata sai dai ya tarar da kifin yana kan banda.

Hujja mafi kusa tana Kainji. A shekarun 1990, aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus ya sa jihohin Neja da Kebbi suka hana dala a tafkin, aka kuma bi ta hannun sarakuna da sarakunan ruwa wajen yankar lasisi da sa ido. Abin lura shi ne ba a jingine dokar gwamnati ba. An dai ba ta hannun da zai riƙe ta a bakin ruwa.

Mai wancan ra'ayi ba zai yi shiru ba, kuma sukarsa ta cancanci a saurare ta da kyau. Zai ce sarkin ruwan yau ba na jiya ba ne: sau da yawa shi ke karɓar kuɗin baƙin masunta ya ba su wurin da ya kamata a rufe, matasa masu injin jirgi kuma ba sa jin tsoron tsinuwar kowa. Zai ce da Jamusawa suka tattara nasu ya nasu, dala ta sake leƙowa Kainji. Zai kuma ce a daina kafa misali da Argungu, domin Matan Fada ɗan yanki ne da ake tsarewa shekara guda saboda biki, da martabar masarauta da idon duniya a kansa, musamman tun da UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun gado a 2016.

Batun Argungu a bar masa shi. Tsare ruwan biki daban, tsare ruwan da ake ci daga gare shi kullum daban. Batun dawowar dala kuwa, ko an karɓe shi yadda ya faɗa, abin da yake nunawa shi ne sarkin ruwa ba ya iya aikin shi kaɗai idan kotu da 'yan sanda suka janye masa baya. Bai nuna cewa jami'i zai iya shi kaɗai ba. Kuɗin goro ma, da alama, bai taɓa tambayar ko hannun da aka miƙa masa na mai rawani ne ko na mai kaki ba. Bambancin shi ne sarkin ruwa yana kwana a garin, kuma idan kamu ya mutu ƙofarsa za a fara bugawa.

Sai dai akwai wata sukar da ta fi nauyi, kuma dole ta rage faɗin da'awar. Kainji tafki ne a cikin ƙasa ɗaya. A Lolo ƙasashe uku ne ke kallon juna. Idan sarkin ruwan wannan gefe ya hana dumba, na can bai hana ba, nasa mutanen ne za su yi asara, kuma ba za su daɗe suna haƙuri ba. Don haka iyakar abin da hujja ta yarda a faɗa shi ne: a batun lokacin rufe ruwa da nau'in kayan su, hannun gargajiya ya fi dacewa, da sharaɗin gefen biyu su rufe tare. Inuwar yin hakan tana nan, tunda Najeriya da Benin da Nijar duk suna cikin Hukumar Kogin Neja, wato Kwara, mai hedikwata a Yamai, wadda ta amince da yarjejeniyar ruwa a 2008. Aikin kansa ƙarami ne, na ƙaramar hukumar Bagudo da hakiman masarautar Gwandu da takwarorinsu na Malanbil.

Ga ayu da dorina kuwa, maganar ta juya. Farautarsu da zago tsohuwar sana'ar Sarkawa ce, saboda haka ba za a ce al'ada ta hana abin da ita ta koyar ba. Dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, tana nan, kuma a 2013 yarjejeniyar CITES ta mayar da ayun Afirka ta Yamma rukuni mafi tsanani, Benin na cikin ƙasashen da suka nemi hakan. A watan Oktoba na 2024, bayan dorina ta kashe wani masunci a Yawuri, an farauto ta da ɗanta bisa umarnin hukuma, aka raba naman ana murna. Manomin shinkafar da dorina ta tattake wa gona ba zai zama mai gadinta ba, sai an yi masa tanadin diyya.

A nan ne jami'i mai kaki yake da aiki, amma a tudu. Man ayu da namansa, da gubar da ake zubawa a ruwa, duk ta kasuwa da hanyar mota suke bi. Rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ya nuna gwamnati tana iya jibge ma'aikata a hanyoyin Lolo da Tsamiya idan ta ga dama. Buhun shinkafa da jarkar fetur aka koya musu nema, kuma ƙara man ayu da gubar gamalin a jerin abin da suke dubawa bai buƙaci sayen jirgin sintiri ko ɗaya ba.