E3: Kasuwar Wasannin Bidiyo Da Ta Ci Ta Watse

Mai karatu, a ce muna cikin watan Mayun 2006, ka tsinci kanka a ƙofar babban zauren taro na birnin Los Anjeles da ke Amurka, da katin shaida rataye a wuyanka. Ana buɗe ƙofa sai kawai ka ga manyan mutane, 'yan jarida da 'yan kasuwa, wasu har da furfura, sun zuba a guje kamar an tashi 'yan firamare. Ba gobara ake yi ba. Kowa so yake ya riga ɗan'uwansa shiga layin rumfar kamfanin Nintendo, domin ya taɓa wata sabuwar na'urar wasa mai suna Wii, wadda sai a watan Nuwamba za ta shiga kasuwa. In ka yi sanyin ƙafa, to ka shirya tsayuwar awa uku ko huɗu. Da layi ya zo kanka za a miƙa maka wani abu kamar rimot ɗin talabijin, ka kaɗa hannu, ɗan mutumin da ke cikin allo ya bugi ƙwallon tanis. 'Yan mintoci kaɗan a ce ka ba na bayanka wuri.

Wannan wuri shi ne E3, taron baje kolin wasannin bidiyo da ya fi kowanne suna a duniya. An fara shi a 1995, aka sanar da mutuwarsa a 2023. Na san za ka ce me ya haɗa mai karatun littafi da kallon fim da wasan yara? To, a 2023 ɗin nan kuɗin da sana'ar wasannin bidiyo ta samu a duniya ya haura dala biliyan 180, alhali abin da gidajen silima na duniya baki ɗaya suka tara bai kai biliyan 40 ba. Sannan in ka bi labarin a hankali, za ka ga ai ka san irinsa: labari ne na masu sana'a, da dillalai, da tallar hajar da ba a gama haɗawa ba.

Kafin 1995 masu wasannin bidiyo ba su da kasuwar kansu. Raɓawa suke yi a wani taron baje kolin kayan lantarki da ake kira CES, wanda ake yi a Las Vegas da Shikago, inda masu talabijin da rediyo ke cin gaban kasuwa. Tom Kalinske, shugaban kamfanin Sega a Amurka a lokacin, ya sha ba da labarin yadda wata shekara aka tura su cikin tanti can baya, sai ka ratsa ta rumfunan masu sayar da finafinan batsa kafin ka iso gare su, ga shi aka yi ruwa, tantin ya riƙa yoyo a kan sababbin na'urorinsa. Mutumin da ke sayar da kayan miliyoyin daloli, a yi masa haka!

Abin da ya haɗa kansu kuwa ba ruwan sama ba ne, tsoron gwamnati ne. A Disambar 1993 Majalisar Dattawan Amurka ta yi zama kan zubar da jini a wasanni irin su Mortal Kombat, wanda duk yaron da ya taɓa shiga gidan gem ya san shi. Sanata Joe Lieberman da Sanata Herb Kohl suka ce wa kamfanonin ko su tace kayansu da kansu, ko a tace masu. Duk wanda ya tuna yadda aka dakatar da harkar fim a Kano a ƙarshen 2000, aka kafa hukumar tace finafinai a 2001, ya san irin wannan tsaka mai wuya. Su dai can sai suka yi maza a 1994 suka kafa ƙungiyarsu, IDSA, wadda daga baya ta koma ESA, suka kuma kafa hukumar da ke rubuta shekarun wanda ya dace ya yi kowane wasa a jikin kwalinsa. Da ƙungiya ta tsaya da ƙafarta, sai ta ce ai mu ma mun isa mu ci kasuwarmu.

An buɗe E3 na farko ranar 11 ga Mayu, 1995, mutum sama da dubu 40 suka halarta. A ranar ce kuma aka yi abin da har gobe ake ba da labarinsa. Sega ta riga ta shelanta cewa sabuwar na'urarta, Saturn, sai 2 ga Satumba za ta fito. Kalinske ya hau mumbari ya ce an fasa, yanzu haka tana cikin wasu shaguna, a kan dala 399. Nufinsa ya yi wa Sony shigar sauri, don a lokacin Sony baƙuwa ce a harkar. Da aka zo kan Sony, sai aka kira wani jami'inta, Steve Race, ya yi ɗan jawabi. Ya taso da takardunsa, ya tsaya gaban lasifika, ya ce, "299." Ya juya ya koma ya zauna. Zauren ya ɗauki tafi. Farashin PlayStation kenan, ragin dala 100 cif.

Ka lura da abu ɗaya a nan. PlayStation ba ta fito a Amurka ba sai 9 ga Satumba. Wato na'urar da ba a fara sayarwa ba ta kayar da wadda ke kan kanta a shago, da baki kawai. Ita kuwa Sega garin gaggawa ta ɓata da dillalan da ba ta ba kaya ba, har wani babban kantin kayan wasan yara, KB Toys, ya daina karɓar kayanta. Wasannin da za a yi a kan Saturn ɗin ma ba su gama haɗuwa ba. Daga nan Sega ba ta sake miƙewa sosai ba, a 2001 ta daina ƙera na'ura gaba ɗaya.

Tun daga ranar aka gane hajar da ake sayarwa a E3: alƙawari. Ba kowa ake bari ya shiga ba. Taro ne na masu sana'a, da manyan dillalai da ke son sanin abin da za su sara kafin cinikin Kirsimeti, da 'yan jaridar da za su kai wa jama'a labari a mujallu. Abin da ɗan jarida ya taɓa na minti goma, shi yara miliyoyi za su yi wata shida suna mafarki. Ban da shekarun 1997 da 1998 da aka kai shi Atlanta, da kuma 2007, a zauren nan na Los Anjeles aka riƙa yin sa, maƙwabcin Holiwud. Maƙwabtakar kuwa ta yi tasiri. A 2000 wani ɗan Japan mai mugun son fim, Hideo Kojima, ya nuna tallar wasansa Metal Gear Solid 2 mai tsawon kusan minti tara, da kiɗa da yankan hoto irin na silima. Mutane suka riƙa zama dirshan a ƙasa suna jiran a maimaita. A 2009 kuwa Steven Spielberg da James Cameron duk sun hau mumbarin taron.

To amma me ainihi ake ba ka ka gwada in layi ya zo kanka? Nan ne gizo ke saƙar. Sau da yawa wasan bai kai rabi ba. Sai kamfani ya yanki wani ɗan ɓangare, ya tara ma'aikata su yi watanni suna goge shi dare da rana har ya yi ƙyalli, sauran kuwa yana nan a warwatse. Wani lokaci ma ba a kan na'urar da za ka saya yake gudana ba, wata ƙatuwar kwamfuta ce aka ɓoye a cikin akwati. Ga ma'aikaci tsaye a kafaɗarka yana murmushi, yana ce maka bi ta nan, kada ka bi ta can, don ya san in ka buɗe waccan ƙofar komai zai tsaya cik. Manyan wasannin kuwa ko taɓawa ba za ka yi ba: ɗaki ake shigar da ku ku ashirin ko talatin, a rufe, wani ya yi wasan kuna kallo.

Kai da ka saba ganin tallar fim a farkon kaset, a nuno maka waƙa da rawa da faɗa ka ƙagu, fim ya fito ka ga ba haka ba, ai ba baƙon abu ba ne a wurinka. Bambancin kawai yawan kuɗin da ke ciki. A 2003 kamfanin Bungie ya nuna wani yanki na Halo 2 da ya gigita mutane. Da suka koma gida suka ga na'urar Xbox ba za ta iya ɗaukar wasa gaba ɗaya a haka ba, sai da suka rushe aiki mai yawa suka sake. Wasan da ya fito a 2004 babu wannan yankin a ciki. A 2005 Sony ta nuna hoton yaƙi na Killzone 2, jama'a suka ɗauka wasan ne, ashe fim ne aka zana na yadda ake fatan ya kasance. Wasan sai 2009. A 2012 Ubisoft ta nuna Watch Dogs, ruwan sama na sheƙi a kan kwalta, da ya fito a 2014 masu saye suka ce ina hasken da muka gani?

Ni dai ban ce duk yaudara ba ce. Wanda ya riƙe Super Mario 64 a taron 1996, ya juya ɗan mutumin nan gaba da baya da hagu da dama cikin fili mai zurfi, abin da ya taɓa shi ya samu a shago. Haka wanda ya yi layin Wii. Sai dai mai shiga E3 ba ya da hanyar rarrabe na gaske da na hoto sai bayan shekara.

Taron ya yi ta kumbura har ya kai kimanin mutum dubu 70 a 2005. Rumfa ɗaya takan ci miliyoyin daloli, ga kiɗa kamar zai fasa kunne, ga 'yan mata da aka ɗauko haya don jan hankali. Kamfanoni suka gaji da kashe kuɗi, aka rage shi a 2007 zuwa mutum dubu 10 da aka gayyata, a Santa Monika. A 2008 abin ya koma kamar zaman makoki, mutum wajen dubu 5. Dole a 2009 aka dawo da shagali.

Rana ta ƙarshe da E3 ya nuna cikakken ƙarfinsa, a ganina, ita ce 10 ga Yuni, 2013. Microsoft ta zo da Xbox One a kan dala 499, da sharaɗin sai na'urar ta leƙa intanet kowace awa 24, da kuma takunkumi kan aro ko sayar da faifan da ka saya da kuɗinka. Da yamma Sony ta ce PlayStation 4 dala 399 ce, ta kuma saki ɗan bidiyo na daƙiƙa 22 mai koyar da yadda ake ba aboki aron wasa: wani jami'inta ya miƙa wa wani faifai, shi kenan. Ragin dala 100 kuma, kamar 1995. Bayan kwana tara Microsoft ta janye sharuɗɗan.

Amma a wannan shekarar ce ɓaraka ta fara. Nintendo ta ce ba za ta yi babban taron 'yan jarida ba, bidiyo za ta naɗa ta saka a intanet, kowa ya kalla a ɗakinsa. Aka yi mata dariya, alhali ita ta hango gaba. Me ya sa za ka biya kuɗin rumfa, ka yi gogayya da abokan hamayya a mako ɗaya, ka dogara da ɗan jarida ya isar maka da saƙo, bayan kana iya magana da mai saye kai tsaye ranar da ka ga dama? Dillalan da aka kafa taron dominsu ma ƙarfinsu ya ragu, tunda mutane sun koma sauke wasa ta intanet maimakon sayen faifai. Kamfanin EA ya fice daga zauren a 2016 ya kafa nasa taron a gefe.

Da masu taron suka ga manyan baƙi na zamewa, sai a 2017 suka buɗe ƙofa ga kowa, suka sayar da tikiti dubu 15, akasari a kan dala 250. Mutum 68,400 suka shiga. Sai dai wuri ne da aka tsara don ganawar kasuwanci. Wanda ya tara kuɗinsa ya zo daga nesa yakan wuni a layi ya gwada wasa biyu ko uku, manyan kuwa suna can ɗakunan da katinsa ba ya buɗewa.

A 2019 Sony, wadda ta yi suna a wannan mumbari, ta ƙi zuwa karo na farko. Duk da haka an yi abin tunawa. Hayaƙi ya turnuƙe dandalin Microsoft, sai ga Keanu Reeves na fim ɗin The Matrix ya fito yana tallar Cyberpunk 2077, na kamfanin CD Projekt na ƙasar Folan, wanda ya yi suna da wasannin The Witcher da aka ciro daga littattafan marubuci Andrzej Sapkowski. Zauren kamar zai tsage. Wasan ya fito a Disambar 2020 cike da matsaloli a kan tsofaffin na'urori, har Sony ta cire shi daga shagonta na intanet ta mayar wa mutane kuɗinsu. Bayan taron na 2019 kuma aka gano cewa adireshi da lambobin wayar 'yan jarida sama da 2,000 da suka yi rajista suna nan a buɗe a shafin masu shirya taron. Ba wanda ya san cewa wannan ne karo na ƙarshe da za a taru a zauren.

Annobar korona ta hana na 2020. A 2021 aka yi shi ta intanet, ba armashi. Na 2022 aka soke. Aka sa ranar na 2023, amma Nintendo da Sony da Microsoft duk ba mai niyyar kafa rumfa, Ubisoft da Sega suka janye, a watan Maris aka fasa. Ranar 12 ga Disamba, 2023, ƙungiyar ESA ta fitar da 'yar gajeriyar sanarwa cewa E3 ya zo ƙarshe.

Makon nan na watan Yuni bai zauna fanko ba. Wani tsohon ɗan jarida da ya halarci E3 tun na farko yana saurayi, Geoff Keighley, shi ya gaje shi da shirinsa Summer Game Fest, wanda ya faro a 2020, akasarinsa tallace-tallace ne da ake kallo ta intanet. In kuwa layin kake so, da hayaniya, da a miƙa maka wasan da bai fito ba ka taɓa da hannunka, sai ka nufi Tokyo, inda ake irin wannan taro tun 1996, ko birnin Kolon na Jamus, inda ake Gamescom tun 2009. Shi wannan tun farko da jama'ar gari aka gina shi, tikiti kawai za ka saya. A watan Agustan 2024 mutum dubu 335 suka shiga.