LBD 40: bindigar harsashin roba ta ƴan sandan Faransa

LBD 40 bindiga ce da ƴan sanda da jandarmomin Faransa ke riƙewa lokacin tarzoma. Kamfanin Brügger & Thomet na ƙasar Suwis ne ya ƙera ta, faɗin bakinta milimita 40. Kan harsashinta roba ne, an yi shi don ya buge mutum ba tare da ya ratsa jiki ba. Sai jami'in da ya samu horo ake ba ita, kuma an hana auna kai. Duk da haka, a zanga-zangar masu riguna ruwan ɗorawa ta 2018 da 2019, ta tsiyaye idanun mutane. Jacques Toubon, mai kare haƙƙin jama'a na ƙasar a lokacin, ya nemi a dakatar da ita, amma ranar 1 ga Fabrairun 2019 kotun Conseil d'État ta ƙi.